Ɗigon maiƙo ko bairos: wanne ya fi isar da saƙon gado cikin ƙwayar halitta?

Malam, ka tambaya ko ɗigon maiƙon da aka naɗe rigakafin korona na Pfizer da Moderna a ciki ya fi bairos ɗin da ke cikin na AstraZeneca, da kuma ko zai amfani masu sikila, waɗanda suke da yawa a nan Kano.

Ɗigon maiƙo ƙulli ne da faɗinsa bai wuce kimanin nanomita 100 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), an haɗa shi da maiƙo iri huɗu, ciki har da kolestarol. Hikimarsa tana cikin ɗaya daga cikinsu, wanda ba ya ɗauke da cajin lantarki yayin da yake cikin jini, sai ƙwayar halitta ta haɗiye ƙullin cikin wata jaka mai tsami, sa'annan ya ɗauki caji, ya huda jakar, ya saki saƙon mRNA, wato umarnin da ƙwayar ke bi ta sarrafa furotin. Saƙon yana aiki na 'yan kwanaki ya narke, ba ya shiga cibiyar ƙwayar, inda DNA ɗinta yake, kuma ana iya maimaita allurar. Rauninsa shi ne idan aka zuba shi a jijiya, mafi yawansa hanta yake nufa. Shi ya sa Onpattro, wani magani da aka naɗe a ɗigon maiƙo, da Amurka ta amince da shi a 2018, yake hana hanta sarrafa wani furotin mai cutarwa. Ga kuma batun sanyi, domin na Pfizer ya fara da buƙatar digiri 70 ƙasa da sifili, abin da duk wanda ya san halin wutarmu zai gane nauyinsa, alhali na AstraZeneca firji ya ishe shi.

Shi kuwa bairos DNA yake kaiwa har cibiya. Nau'in bairos da ake kira AAV, irin wanda ke cikin maganin Zolgensma na 2019, aikinsa kan daɗe shekaru, sai dai kayan da yake ɗauka kaɗan ne, kuma garkuwar jiki tana gane shi, har ta hana a sake bayarwa.

A ganina maiƙo ya fi dacewa da saƙon da ake so ya yi aiki ya wuce. Game da sikila, matsalar tana cikin ɓargo, inda maiƙon bai iya kaiwa sosai ba tukuna. Magungunan sikila Casgevy da Lyfgenia, da aka amince da su a 2023, dukansu sai an fitar da ƙwayoyin ɓargon majinyaci, a gyara su a ɗakin gwaji, na farko da bugun lantarki, na biyu da bairos, kafin a mayar masa da su.