Keken da ba feda

Jama'a, fam 900 na zube a wani shagon kekuna a Landan, aka gunguro mini keke babu feda. Na duba, na sake dubawa, na ce wa yaron shagon sun manta da wani abu. Ya yi murmushi ya ce ai keken tsere mai tsada haka ake sayar da shi, kowa shi ke zaɓar fedarsa. Babu kariyar ɗora kaya, babu fitila, alhali dokar Ingila ta ce da dare sai da fara a gaba da ja a baya. Duk sai da na sake cire kuɗi.

In za a faɗi gaskiya, sun san aikinsu. Sun auna tsayina da tsawon ƙafata kamar tela, suka ɗaga sirdi suka sauke har ya zauna mini daidai. Kuɗin ma ta tsarin sayen keke ta wurin aiki mai suna Cycle to Work na biya, ana zara daga albashi wata-wata kafin a cire haraji.

Sai shaiɗan ya kai ni ga fedar da ke kama takalmi ta ƙasa, sai ka murɗa dunduniya kafin ƙafa ta fita. Ranar Lahadi na nufi wurin shaƙatawa na Richmond Park, wanda Sarki Charles na Ɗaya ya kewaye da katanga a 1637. Zagayen titinsa kusan kilomita 11 ne, ga barewa wajen 600 suna kiwo ba mai korar su. Ina cikin jin daɗi sai garke ya tsallako titi. Na damƙe birki, keke ya tsaya, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Haka na kife a hankali kamar buhun gero, keke a manne da ni, barewa na kallona. Wata tsohuwa mai furfura a kan keke ta taka birki ta tambaye ni ko lafiya, ta ce kowa sai ya yi wannan faɗuwar. Ta wuce ni a hawan tudu, ban sake ganin ƙeyarta ba.

A hanyar dawowa taya ta yi faci. Shagon da na tura keken suka ce in dawo Alhamis, kuma ba sa liƙe tib, sabo suke sawa. Nan na tuna mai facinmu na gindin bishiya da kwanon ruwansa, minti goma ya sallame ka, har da hira.

Amma mu ma da laifinmu. A gida magidanci ya hau keke sai a fara tsegumi wai ya karye. A nan likitan da ke duba ni da keke yake zuwa asibiti, hular kwanonsa a rataye bayan ƙofa. Da na tura wa Yaya hotona, amsar da ta dawo ita ce, "Motar fa?"