Hayar keke a Bormio: hawan Stelvio ya yi daɗi, birki ya ɓata komai

Tauraro biyu zan ba shagon nan na hayar kekuna da ke Bormio, a arewacin Italiya, kuma ɗaya daga cikin biyun na yaron shagon ne, ba na maigidansa ba. Ba zan kama suna ba. Wanda ya san garin ya san irinsu ba sa ƙirguwa, kuɗinsu kusan ɗaya ne, kuma duk sai sun riƙe maka jingina a kati kafin ka fita da keke.

Ni da wani yayana muka taso daga Milan, jirgin ƙasa zuwa Tirano, daga nan bas zuwa Bormio. Shi gwiwa ta raba shi da keke, sai ya ce zai bi bas zuwa saman Stelvio, mashigin dutsen da ke sama da garin, ya yi tattakinsa a ƙafa. Ni kuwa zagayen nan da masu keke ke ta kurantawa nake so: in hau daga Bormio, in gangara ta mashigin Umbrail in shiga Suwizalan, in zagayo ta garin Prato, in hau kwanonin hanya 48 ɗin nan da ake gani a hoto, sannan in sauko gida. Don su na zo.

Keken da suka ba ni, a ido, ba shi da laifi. Ba nauyi, giyarsa mai sauƙi ce irin ta hawa, yaron ya daidaita min sirdi daidai tsayina ba tare da na roƙa ba. Na tambayi maigidan batun birki, ya ce da safen nan aka duba. Na tambayi fitila saboda ramukan da hanyar ke ratsawa cikin dutse a kwarin Braulio, ya ɗauko wata 'yar ja ya maƙala min a baya, ya ce a cike take da caji.

Hawan kam, ma sha Allah. Bormio tana kan mita 1,225, ƙololuwar mashigin tana kan mita 2,757, tsakaninsu kilomita ashirin da 'yan kai. Hanyar tun tsakanin 1820 da 1825 aka fasa ta, lokacin da Ostiriya ke mulkin Lombardiya, injiniya Carlo Donegani ya tsara ta don keken doki. Shi ya sa ba ta miƙe tsaye a gabanka, sai dai ta yi ta lanƙwasa tana cin ƙarfinka a hankali. Masu babura ne kawai suka dame ni, musamman cikin ramukan nan masu ƙunci. A sama na tarar da Yaya ya riga ya sauko daga Cima Garibaldi, tudun da ke bisa mashigin, yana ta ba ni labarin ragowar ramukan sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya da kuma dusar ƙanƙarar dutsen Ortler. Muka ɗauki hoto wajen allon tunawa da Fausto Coppi, ɗan tseren keken Italiya wanda ya yi bajintarsa a nan a gasar Giro ta 1953. Masu gasa tsiren turawa sun cika wurin da ƙamshi, amma da aka tambaya alade ne, muka haƙura da shayi da burodi. Zuwa lokacin, da an ce in rubuta sharhi, tauraro biyar zan bayar. Ai mai hawa ba ya taɓa birki.

Kilomita uku ƙasa da ƙololuwa hanya ta rabu, na karya dama zuwa Umbrail, mita 2,501, na tsallaka iyaka. Daga nan zuwa Santa Maria gangara ce zalla ta kusan kilomita 13, mai tsananin tsayi, kwana na bin kwana. Ban yi nisa ba birkin baya ya fara ƙara kamar ana wasa wuƙa a dutse. Na ce ko zafi ne, na tsaya ya huce, na ci gaba. Sai na gaba ma ya ɗauka. Ina matse hannu har yana taɓa kan keken, amma keken bai fasa gudu ba. A wata kwana da ke cikin itatuwa sai da na sa ƙafa ƙasa ina ja, ina Innalillahi, kafin na tsaya, wata mota mai haurowa ta wuce ni da tazarar da ba na son tunawa. Na zauna a gefen titi jikina na rawa.

Na kira lambar da ke jikin rasit, wadda aka rubuta ta gaggawa ce. Ba a ɗauka ba. Na sake, na sake. Ashe sun rufe sun tafi cin abincin rana, yadda shagunan Italiya suka saba, ba mai buɗewa sai wajen ƙarfe uku. To ina amfanin lambar gaggawar da ke tafiya hutu? Ga shi Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai, layina na Italiya kuwa kowane motsi sai ya ci kuɗi. Na kira Yaya, ya ce, "Don Allah ƙanena kada ka sake hawa, tura shi." Haka na yi. Duk wanda ya san takalmin keke mai ƙarfe a tafin ƙafa ya san abin da ake nufi da tafiya da shi a gangara. Tattakin da Yaya ya zo yi don nishaɗi, ni na yi shi dole.

A kwarin na samu wani bakanike dattijo, ba ya jin Turanci sosai, ni ba na jin Jamusanci, amma da ya ciro abin da ke matse faifan birkin ya ɗora min a tafin hannu, ba a buƙaci tafinta ba. Ya cinye ƙarƙaf, ƙarfe ne ke gugar ƙarfe, faifan baya har ya yi zane. Ya sa sababbi, na biya da kuɗin Suwizalan, farashin Suwizalan. Kafin a gama la'asar ta kawo jiki. Prato da kwanoninta 48 sai dai wani jiƙon. Na sake hawa Umbrail ɗin da na sauko, na gangara Bormio rana na faɗuwa.

Washegari maigidan ya duba faifan ya ce ni na ƙona shi, wai baƙi ba su iya gangara ba, suna danne birki tun daga sama har ƙasa, don haka zai cire kuɗin faifai daga jinginata. Birkin da aka duba da safe ba ya cinyewa zuwa ƙarfe kafin azahar, ko wa ke kai. Ina cikin faɗin haka yaron ya ajiye abin da ke hannunsa, ya gaya wa maigidansa a gabana cewa keken nan, ana gobe zan ɗauke shi, da yamma ya dawo daga mashigan Gavia da Mortirolo, kuma ba wanda ya taɓa shi. Shagon ya yi tsit. Maigidan ya ba da haƙuri, ya saki jinginar, har ya ce in ɗauki wani keken kyauta in je Gavia. Na ɗan sauko, har na fara tunanin tauraro uku, don ba kowane ɗan kasuwa ke janye maganarsa a gaban yaronsa ba.

Sai na tuna fitilar. A ramin farko na dawowa ta mutu, na ratsa sauran cikin duhu, babura na tahowa a bayana ba mai ganina. Da na faɗa masa sai ya ɗaga kafaɗa, wai sanyi ke shanye batir. Rasit ɗin bakaniken kuwa ya karɓa, ya ce zai turo kuɗin ta banki. Na tura masa saƙo, Yaya ma ya kira shi da Italiyancinsa da ya fi nawa. Har yau ko sisi ba mu gani ba.