.308 ko .223: ga wanda bindiga ɗaya zai saya

Ɗan'uwa, ka tambaya wace bindiga ɗaya za ka saya don farauta da tsaron gida, mai cin harsashin .308 Winchester ko mai cin .223 Remington; ɗauki .308, kada ka wahalar da kanka. Tunda bindiga ɗaya ce za ta yi maka farauta, ita ce kuma za ka ajiye don ranar da ba a fata, sai a auna ta da aikin da za ta fi yi. Farauta za ka yi ta fita shekara da shekaru. Tsaron gida kuwa, in Allah ya yarda, har ka tsufa ba za ka ɗaga ta a kan mutum ba.

Ɗora harsasan biyu a tafin hannunka, za ka ji bambancin tun kafin a yi maka bayani. Kan harsashin .223 da aka fi sayarwa, wanda ake rubuta 55 gr (gr ma'aunin nauyin harsashi ne) a jikin kwalinsa, nauyinsa giram 3.6 ne kacal, yana barin bakin bindiga da gudun kusan mita 990 a daƙiƙa. Na .308 mai 150 gr giram 9.7 ne, gudunsa wajen mita 860. Ƙaramin ya fi gudu, wannan ne ke ruɗar sababbin shiga. Amma in aka zo ƙarfin duka, wanda ake aunawa da jul, .223 na da kusan 1,700, .308 kuwa ta kai 3,500, ninki biyu ke nan. Nauyin nan shi ke karya ƙashin kafaɗa ya wuce har huhu da zuciya, shi ne kuma ke rage yadda iska ke karkatar da harsashi idan tazara ta fara nisa.

Tawa .308 ce mai sakata, irin wadda ake ja da hannu bayan kowane harbi. Katakon gindinta har ya yi sheƙi a daidai inda kumatuna ke kwanciya. Wata safiya da raɓa, wani ƙaton namijin mazo ya fito daga kurmi ya tsaya a karkace, kafaɗarsa na fuskantata, wato tsayuwar da ba ta yi wa ƙaramin harsashi daɗi. Na kwantar da numfashi, na matsa kunama a hankali. Ya yi tsalle ɗaya, ya ɗan taka, ya faɗi ina ganinsa. Da muka feɗe shi, harsashin ya fasa ƙashin kafaɗa, ya buɗe, ya ratsa huhu, ya fita ta haƙarƙarin ɗaya ɓarin. Dabbar ba ta sha wahala ba, ni ma ban bi sawun jini cikin ƙaya har rana ta take ba. Wanda ya taɓa bin dabbar da aka raunata, yana tsintar ɗigon jini a ganye har ɗigon ya ɗauke, ya san baƙin cikin da nake nufi. Rai ne ka taɓa, hakkinsa ne ka gama da shi da sauri. Wannan dalilin kaɗai ya ishe ni tsayawa a kan .308.

Ba ra'ayina ne kawai ba. A Ingila da Wales, dokar farautar barewa ta 1991 ta hana harbin manyan barewarsu da bindigar da faɗin bakinta bai kai inci 0.240 ba, ko ƙarfinta bai kai jul 2,305 ba. Ka ga .223 ta faɗi ta fuska biyu, sai ƙananan barewa nau'i biyu aka sassauta mata. Wasu jihohin Amurka ma suna da irin wannan iyaka. Duba dokar inda kake kafin ka biya kuɗi.

Ita .223 ba zan hana ta nata ba: ba ta dukan kafaɗa, harsashinta ya fi araha da sauƙin ɗauka, ta kuma isa dila da ƙananan dabbobi. Iyakarta ke nan a wurina.

Batun tsaro ne mutane ke yawan ruɗar kansu. Duka biyun sun fi ƙarfin abin da ake buƙata a tazarar tsakar gida, don haka tambayar ba ta ƙarfi ba ce. Tambayar ita ce, ina harsashin zai je idan ka kuskure, ko bayan ya ratsa abin da ya samu? A nan dole in faɗa maka gaskiya, .308 na huda bango mai rauni, da ƙofa, da jikin mota, ta wuce da sauran ƙarfinta. Ƙaramin harsashin .223 ya fi saurin tarwatsewa, amma shi ma yana keta bangon katako da allo. Saboda haka ka san ɗakin da yaranka ke kwana da inda maƙwabcinka yake, tun yau, da rana tsaka. Kada ka harbi motsi ko inuwa, sai ka ga fuska ka tabbatar. Ƙarar kowaccensu a cikin ɗaki kuma ta zarce desibel 140, matakin da harbi ɗaya ke iya lalata ji har abada. Abin da zai tsare ka a wannan dare shi ne sabo, hannunka ya san inda makullin kunama yake ko a cikin duhu, kuma bindigar da kake fita farauta da ita ce kaɗai za ka yi wa irin wannan sabon.

Wani abin da ya sa nake son .308 shi ne samuwa. Kamfanin Winchester ne ya fitar da ita a 1952, ƙawancen NATO ya karɓi 'yar'uwarta 7.62x51 a 1954, tun daga nan kusan duk kamfanin da ke ƙera harsashin farauta yana yin nata. In kafaɗarka ba ta son duka, akwai .243 Winchester ta 1955, kwanson .308 ne aka matse wuyansa, ta fi laushi kuma ta haye waccan iyakar ta Ingila. Don farauta ka sayi harsashi mai tsinin dalma a buɗe, wanda ke bajewa a jikin dabba. Mai cikakkiyar rigar jan ƙarfe irin na soja hudawa kawai yake yi kamar allura ya wuce, dabba ta gudu ta je ta mutu inda ba za ka same ta ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa, don akwai marasa tsoron Allah a harkar nan. Wani zai goge tsohuwar bindiga, ya shafa mata baƙi, ya ce maka ko kwali ɗaya ba ta ci ba. Zare sakatar, ka ɗaga bututun wajen haske ka leƙa. Layukan da suka murɗe a ciki su fito rangaɗau da kaifinsu. In ka ga sun shafe a kusa da mazaunin harsashi, ko ka ga ramukan tsatsa, ajiye masa abarsa. Wani kuma zai miƙo maka harsasai a leda ba kwali, waɗanda aka sake ɗura wa albarushi a tsohon kwanso, ba ka san wa ya auna ba. Awo ya ɗan zarce, bindiga ta fashe a fuskarka. Haka mai ce maka 5.56 na soja da .223 duk ɗaya ne. Bindigar da aka buga wa 5.56 tana cin .223 lafiya, amma wadda aka buga wa .223 zalla, harsashin 5.56 na iya tara mata matsin da ya wuce kima. Abin da aka hatimce a jikin bututu shi za ka bi, ba bakin mai saye da sayarwa ba.

Mafi muni shi ne mai ce maka takarda ba dole ba ce, ko wanda lambar bindigarsa ta kankare. Wannan kurkuku yake sayar maka, wataƙila ma da laifin wani a kanta. Lasisi tukuna, sannan dillali mai izini, da rasit mai ɗauke da lambar bindigar.

Sayi .308 mai sakata, ka ɗora mata madubin saiti mai kyau, ka tsaya a kan harsashi iri ɗaya mai 150 gr. Daidaita saitinta a mita 100, ka yi ta atisaye da abin toshe kunne har harbi uku su riƙa taruwa wuri guda. Ka haɗa da akwatin ƙarfe mai makulli a cikin kuɗin sayen, a ajiye ta ba harsashi a ciki, inda hannun yara ba ya kaiwa.