Ladan busa: daga Liyon zuwa Damagaram

Yaya, ina gaisuwa. Ya iyali, ya ƙurar hunturu? Ka gaida Inna da mutanen Birni baki ɗaya.

Ka tambaye ni yadda ake sallamar alƙalin wasa a nan Faransa, tunda ka ji ni ma na rataya usur irin naka. Asabar da Lahadi nake busa wa ƙananan ƙungiyoyi na kewayen Liyon, sauran ranaku ina wurin aiki.

Da na fara, abin bai yi nisa da namu ba. Kana isa fili wani dattijon kulob zai miƙo maka ambulan ko shek, ladan busa haɗe da kuɗin hanya da ake lissafawa bisa kilomita. Wani ya ba ka tun kafin a take ƙwallo, wani ya ce sai an tashi. To, wannan "sai an tashi" shi ne wuyar. Akwai ranar da na ba baƙi fenariti saura minti biyu, masu gida suka sha kashi. Mai riƙe da ambulan ɗina ya shige ɗakin ƴan wasa ya jawo ƙofa. Na tsaya cikin yayyafi kamar almajiri a bakin zaure, sai da na share rabin awa sannan ya leƙo ya miƙo, ko kallona bai yi ba.

Sai ga korona. Ran 13 ga Maris 2020 aka tsayar da wasanni, ran 17 aka kulle ƙasa. Mutane suka shiga ƙyamar kuɗin hannu. Daga 11 ga Mayu, abin da za ka iya biya da kati ba tare da danna lamba ba ya tashi daga yuro 30 zuwa 50, kusan jika 33 na sefa ke nan. Mai burodin layinmu ma na'ura take turo maka, ko na yuro ɗaya ka saya. Da muka koma fili a Satumba, aka ce babu sauran ambulan a yankinmu: kowa ya aika lambar asusunsa, kulob ya zuba wa ofishin da ke tura mu, ofis ya turo mana ta banki. Ƙarshen Oktoba aka sake rufe filaye, amma tsarin ya zauna.

Ni dai, Yaya, ban yarda takardar kuɗi ta fi ƙwallon da mutum 22 ke gumi a kanta haɗari ba. Ribar da na gani daban ce. Mai biyana ba ya tsaye a bakin layi yana hararata. Ka fi ni sanin cewa in baki ya ci, ido kan ji kunya. Yanzu in na ɗaga jan kati, in tattara jakata in kama hanya, ba na bin kowa bashi a filin.

Sai dai jira. Man mota daga aljihuna yake fita, kuɗin kuma sai bayan makonni. Sau ɗaya aka yi kuskuren lamba guda a asusuna, wata biyu ina buga waya na'ura na ce mini in danna ɗaya. Abin dariya, in na aika wa Inna, kafin in gama shayi Halima ta karɓo mata.

Batun gasar hutu da ka ce kuna son kwaikwayon wannan tsari, a yi hattara. Hanyar turawa ba ku rasa ta ba, ga Nita, ga Al Izza, ga Airtel Money. Amma alƙalin da zai hau kabu-kabu ya koma unguwar Zengu, cefanen gobe na jiransa, ba za ka ce masa ƙarshen wata ba, ga kuma ladan cirewa da zai ci ɗan abin da ya samu. Da ni ne, kowace ƙungiya ta kai nata ga kwamiti tun jajibiri, wani dattijo da ba shi da ɗa a fili ya riƙe, ana tashi ya sallami alƙali, ta waya ko hannu da hannu.

Na saya maka usur biyu da katuna sababbi. Wani ɗan Mirya zai taho gida bayan Salla, zan ba shi ya kawo maka.