Makonni Uku a Ajin Koyon Kayan Zaƙi da Ƙawata Ɗaki a Birnin Kano

A hutun zango na biyu, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin bazara yake kan ganiyarsa a Kano, na yi wa kaina da 'yata mai shekara 14 rajista a wani aji da wata malama take buɗewa a gidanta a cikin birni. Sanarwar ta iso ni ne ta WhatsApp, a dandalin matan unguwarmu, kuma ta yi alkawarin abubuwa uku: koyar da kayan zaƙi na gida, koyar da kayan ƙawata ɗaki da mutum zai haɗa da hannunsa, da kuma yadda ake shirya kyauta ta barka ko ta biki ba tare da an dogara da kanti ba. Abin da ya ja hankalina shi ne bikin ƙanwata da ke tafe, domin duk wadda ta tambayi kuɗin alkaki da dubulan na gara a 'yan shekarun nan ta san cewa iya yin su a gida ba ƙaramin sauƙi ba ne. Muna zuwa ranakun Litinin, Laraba da Asabar, daga ƙarfe 10 na safe zuwa azahar, har tsawon makonni uku.

Ana yin karatun ne a tsakar gida, ƙarƙashin rumfar kwano da aka shimfiɗa wa tabarmi, akwai murhun gas mai kai biyu a gefe ɗaya da kuma murhun gawayi a ɗaya gefen. Tun ranar farko na yaba da tsaftar wurin, domin Malama ba ta barin kowa ta taɓa kwano sai ta wanke hannu ta kuma ɗaure kanta da kyau, sannan ba a taɓa haɗa ranar girki da ranar fenti da gam ba. Sai dai mu 16 ne a rumfar da ba ta kamata ta ɗauki fiye da 10 ba, kuma wannan cunkoso ya shafi kusan kowane darasi.

Sashen kayan zaƙi shi ne ƙashin bayan ajin, kuma shi kaɗai ya isa ya biya kuɗin da na kashe. Da alawar madara aka fara, wadda na sha gwadawa a gida tana fito mini ko dai ta yi ruwa ta ƙi yankuwa, ko kuma ta bushe ta farfashe kamar busasshen tuwo. Ma'aunin Malama shi ne kofi 2 na madarar gari, kofi 1 na sukari da rabin kofin ruwa, amma ta gaya mana ƙarara cewa ba a ma'auni asirin yake ba, a dahuwar sukari yake. Ta sa kowacce a cikinmu ta tsaya a gaban tukunya, ta ɗebo ɗan ruwan sukarin da bayan cokali, ta bari ya ɗan huce, sannan ta matsa shi tsakanin babban yatsa da manuni. Da 'yata ta buɗe yatsunta sai ga wani siririn zare ya miƙe bai tsinke ba, Malama kuwa ta ce mata, "Kin gani ko, 'yata? Wannan zaren shi ne agogonki. Idan bai fito ba ki ƙara haƙuri, idan kuma ya yi tauri to kin makara." Nan take aka rage wuta, aka zuba madarar a hankali ana tuƙawa da muciya har ta haɗe ta saki jikin tukunya, aka juye a kan tire da aka shafa wa mai, aka murza da kwalba, aka yanka tun da ɗuminta. Na daɗe ina kallon masu koyar da wannan alawa a waya, amma sai a ranar na fahimci abin da nake kuskurewa, domin akwai ilimin da sai yatsa ya taɓa kafin ya zauna.

Haka darasin gullisuwa ya kasance, inda ta nuna mana cewa madara tana saurin ƙonewa, saboda haka man da ya yi zafi sosai zai baƙanta bayanta alhali cikinta bai soyu ba. Da gangan ta jefa guda uku a mai mai zafi don mu ji ƙaurin mu kuma fasa mu ga cikin, kafin ta sauke kaskon ya huce ta soya sauran a wuta kaɗan har suka yi ja mai kyau. Kwakumeti da kantun riɗi ba su ɗauki lokaci ba, rana ɗaya aka haɗa su. Ta kuma ja kunnenmu game da sayen madara, cewa wata madarar buhu da ake aunawa a kwano an cire mata kitsenta na asali an musanya da man tsirrai, don haka kada mace ta sayi mai yawa sai ta ɗanɗana, kuma wadda za ta yi na biki gara ta haɗa kuɗi da 'yan uwa su je Kasuwar Singa su sayi sukari da madara da fulawa a kan sari.

Alkaki ne ya ci kwana biyu, kuma ya cancanci haka. An kwaɓa ɓarzajjiyar alkama an rufe ta ta kwana don ta yi tsami, aka dawo aka naɗa, aka soya, sannan aka tsoma a dafaffen sukarin da aka matsa wa lemon tsami. Malama ta bayyana cewa tsamin ne yake hana sukarin komawa gari a jikin alkakin bayan ya huce, shi ya sa wasu suke amfani da ruwan tsamiya a madadinsa. Naɗin ne ya ba mu wuya, kuma a nan yawanmu ya cutar da mu, domin kafin ta zagayo ta gyara wa kowa hannu, kwaɓin wasu ya fara bushewa. Abin da ya fi ɓata mini rai a wannan sashe shi ne nakiya, wadda aka rubuta a sanarwa amma aka tsaya ga bayaninta da baki kawai, da hujjar cewa daka a turmi zai cinye lokaci. Nakiya kuwa tana cikin manyan kayan gara, kuma ba abu ba ne da mutum zai iya daga jin labari, tun da yadda ake soya garin shinkafar da yadda ake haɗa shi da man shanu da zuma ko sukari da kayan yaji irin su citta da kanumfari duk sai an gani da ido.

Da aka koma sashen ƙawata ɗaki sai darajar ajin ta ragu, aƙalla a kwanakin farko. Abubuwan da aka fara koya mana duk daga hotunan waya aka kwaso su: madubi da aka kewaye da kawunan cokulan roba aka fesa musu fenti ruwan zinare, kwalabe da aka naɗe da zaren ulu, da furannin roba da aka manna a kwali. Dukkansu sun dogara ne da bindigar narka gam, guda biyu kacal ga mutum 16, kuma da an ɗauke wuta sai aiki ya tsaya, ko kuma a koma narka sandar gam ɗin da harshen kyandir, wanda yake barin baƙin hayaƙi a jikin aikin. Madubin da muka haɗa ni da 'yata ya yi kyau a ranar, muka rataye shi a falo kusa da taga, amma bai cika kwana 10 ba cokulan suka fara zubowa ɗaya bayan ɗaya, har wata safiya na tarar da rabinsu a ƙasa. Irin wannan gam ba ya kama gilashi mai santsi da ƙarfi, kuma yana laushi idan zafi ya yi yawa, abin da ya kamata a ce mai koyarwa a gari irin Kano ta sani ta kuma faɗa wa ɗalibanta tun kafin su sayi kaya. Da na kai mata ƙorafi ta saurare ni da mutunci, ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, da kin manna su a kan katako ko kwali mai kauri sannan ki ɗora madubin a tsakiya, da ba su zubo ba." Shawarar daidai ce, amma wurinta cikin darasi ne, ba bayan ɓarna ba.

A mako na uku ne sashen ya farfaɗo, lokacin da Malama ta ajiye waya ta koma ga abin da ta gada. Ta aike mu Kasuwar Kurmi, wadda take ci tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ta ce kowacce ta zaɓo faya-fayai biyar ko bakwai masu girma daban-daban amma launinsu ya yi jituwa. Ta nuna mana yadda ake jera su a ƙasa tukuna, babba a tsakiya ƙanana suna bin gefe, a yi ta matsawa har ido ya gamsu, sannan a ɗinka wa kowanne ɗan madauki na zare a baya a rataye shi a ƙaramar ƙusa. Babu gam, babu lantarki, kuma idan ƙura ta hau sai a sauke a kakkaɓe a mayar. Wannan ba baƙon abu ba ne ga duk wadda ta taɓa shiga ɗakin kakarta ta ga jere, amma ganin sa a bangon falon zamani ya sa na sake duban faifai da wani ido, bayan shekarun da na yi ina ɗaukarsa a matsayin murfin ƙwarya da abin fifita abinci kawai. Na lura kuma cewa 'yan matan ajin, waɗanda da farko suka fi ɗokin fentin zinare, su ne suka fi daɗewa a durƙushe suna sauya wa faya-fayan wuri.

A wannan makon ne kuma aka koya mana ɗinka rigar matashin kujera da ƙyallayen atamfa da ake samu wajen tela, ɗinkin hannu, da baki mai haɗewa a baya yadda ba a bukatar zif. Darasi ne mai sauƙi da aka gama cikin awa biyu, kuma matasai huɗu da muka yi suna nan a kujerunmu, an wanke rigunan sau biyu ba su saki ba.

Sashen kyauta gajere ne, amma ya ɗaure sauran biyun wuri ɗaya. Maimakon a sayi kwando da leda mai ƙyalli, Malama ta koya mana zuba alawa da gullisuwa a kwalabe masu murfi da aka wanke aka shanya sarai, domin danshi kaɗan yana sa kayan sukari su yi laushi su manne, sannan a jera kwalaben a kan faifai mai faɗi a ɗaure da ƙyallen atamfa. Irin wannan muka shirya muka kai wa surukata ranar Juma'ar da ta biyo bayan kammala ajin. Ta kwance ƙullin a hankali, ta ɗauki alawa guda ta gutsura, ta yi shiru tana taunawa, sannan ta dubi jikarta ta ce, "Ke kika yi wannan da hannunki?" Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ce, Hajiya, Umma ta taya ni yankawa." Tsohuwar ta sa mata albarka, ta kuma ce a ajiye mata faifan kada a mayar, za ta riƙa rufe furarta da shi. Turaren wuta da humra, waɗanda aka ambata a sanarwa cikin kayan kyauta, nuna su kawai aka yi, aka ce suna da nasu ajin da nasu kuɗin.

Maganar kuɗi kuwa tana bukatar a yi ta a fili. Kuɗin rajistar mutum ɗaya bai kai na turmin atamfa mai matsakaiciyar daraja ba, kuma a ganina ya yi daidai, amma ba a gaya mana tun farko cewa kayan aiki suna wuyanmu ba. Kusan kowane zama sai an ce gobe a zo da abu kaza, wadda ba ta samu zuwa kasuwa ba sai ta saya a hannun Malama a farashin da ya ɗara na waje, har abin da na kashe a kan kaya ya kusan kamo kuɗin rajistar. Ba a kuma ba mu ma'aunai a rubuce ba, kowa da littafinta take rubutawa cikin hayaniya, kuma da muka gwada littattafanmu a ƙarshe sai muka tarar ma'aunin alkaki ya sha bamban tsakanin mutum uku. Wasu daga cikin matan sun zo ne da niyyar kama sana'a, ciki har da wata mai 'ya'ya huɗu da mijinta ya rasu, amma ba a ware ko awa ɗaya ba don koya musu lissafin abin da suka kashe a kan madara da sukari da gas da leda kafin su yanke farashi. Wannan giɓi ya dame ni fiye da zubewar madubina, domin mace tana iya ƙwarewa a alawa ta kuma yi ta sayarwa a kan asara ba ta sani ba.

Duk da haka, wadda take son ta iya alawar madara, gullisuwa da alkaki iyawa ta gaske, ina ba ta shawarar ta shiga wannan aji ko makamancinsa, matuƙar malamar tana sa ɗaliba ta riƙe muciya da kanta. Kafin ta biya, ta tambayi adadin waɗanda za a ɗauka, ta nemi jerin kayan aiki a rubuce, ta kuma tabbatar cewa duk abin da aka lissafa a sanarwa za a yi shi a aikace. Wadda kuma ƙawata ɗaki kaɗai take nema, darussan mako na uku ne za su amfane ta, kuma kada ta yi gaggawar sayen bindigar gam da fentin fesawa. Ni dai na riga na gaya wa mahaifiyarmu cewa alkakin garar ƙanwata a gidana za a yi shi, nakiyar kuwa na roƙi wata gwaggonmu da ke Fagge ta zo ta kwana biyu a wurinmu, mu daka tare.