HDD ko SSD: Wace Ma'ajiya Ce Ta Dace da Kwamfutarka?

Duk wanda ya taɓa kunna kwamfuta ya zauna yana kallon fuskarta minti biyu ko uku kafin ta buɗe, ya san takaicin da nake nufi. Da yawa sukan ce ai ta tsufa, sai dai a sayi sabuwa. Sau tari kuwa ba tsufa ba ne, ma'ajiyar bayanan da ke cikinta ce take jan ƙafa, kuma canza ta kaɗai kan dawo da kwamfutar kamar jiya aka ciro ta daga kwali. Amma kafin ka zaro kuɗi daga aljihu, ka tambayi kanka abu ɗaya: wannan ma'ajiyar da zan saya, aiki zan riƙa yi a kanta, ko ajiya zan yi a cikinta? Amsar da ka bayar ita ce za ta raba gardama.

Bari mu fara da tsohon hannu, wato HDD. Kamfanin IBM ne ya fara fitar da shi a 1956, da fayafai har 50 a ciki, amma duk abin da yake iya ɗauka bai wuce megabait 5 ba, wato kusan hoto ɗaya na wayar yau. Tsarin aikinsa har yanzu bai sauya ba. Idan aka buɗe shi za a ga faifai mai ƙyalli kamar madubi, yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, ga kuma wani ɗan siririn hannu yana kai-komo a samansa, yana karantawa yana rubutawa ba tare da ya taɓa shi ba. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Duk fayil ɗin da ka nema, sai hannun nan ya tafi inda yake, ya jira faifan ya juyo da shi. Nan jinkirin yake, nan kuma raunin yake.

Na ga wannan rauni da idona. Ina kwafe hotuna a wani HDD na waje, sai gwiwar hannuna ta ja kebul ɗin, ya zame daga kan tebur ya faɗi ƙasa yana cikin juyawa. Ko tsagewa jikinsa bai yi ba. Da na sake jona shi sai na ji yana ƙas, ƙas, ƙas, ya yi shiru, ya sake. Kwamfuta ba ta ƙara ganinsa ba. Hotunan iyali na shekaru da dama suna ciki, kuma ba ni da su a ko'ina sai a nan. Har yau idan na tuna sai na ji abin a raina. Idan naka ya fara irin wannan ƙara, ka kashe shi nan take, domin kowane juyi ƙara karce faifan yake yi.

Shi kuwa SSD babu abin da ke motsi a cikinsa. Ƙananan ƙwayoyin lantarki ne ke riƙe bayanai, irin na cikin waya, don haka ba ƙara, ba girgiza, ba ya jan batir sosai, kuma faɗuwa daga tebur ba kasafai take yi masa illa ba. HDD mai kyau yakan karanta megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa. SSD mai amfani da mahaɗin SATA, wato irin mahaɗin da HDD ke amfani da shi a cikin kwamfuta, yakan kai kusan 550. Nau'in NVMe kuwa, wanda ke bi ta wata hanya mafi sauri da ake kira PCIe, yana kai wajen 3,500 a kan PCIe 3.0, da wajen 7,000 a kan PCIe 4.0.

Kada waɗannan alƙaluma su ruɗe ka. Bambancin da za ka ji a jikinka shi ne tashi daga HDD zuwa SSD, kowane iri ne. Kunna kwamfuta da buɗe manhaja ba karanta ƙaton fayil ɗaya ba ne, tsintar dubban ƙananan fayiloli ne da ke warwatse, kuma a nan ne SSD ya yi wa HDD fintinkau, tunda ba shi da hannun da zai je nema. Amma daga SATA zuwa NVMe, mai rubutu a Word, yana shiga intanet, yana kallon bidiyo, da ƙyar zai lura da wani sauyi. Wanda zai ci moriyar NVMe mai tsananin sauri shi ne mai tace bidiyo ko mai kwafe manyan fayiloli kullum. Idan ba ka cikin waɗannan, ni dai shawarata ka sa kuɗin a kan girma, ba a kan sauri ba.

Yanzu ga inda mutane suka fi yin asara: sayen abin da ba zai shiga kwamfutarsu ba. Tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka suna da gurbi mai inci 2.5, kuma SSD na SATA yana zama daram a wurin HDD ɗin da aka cire. Sababbi kuma suna da gurbin M.2, inda ake soka ɗan siririn allo. Lambar 2280 da za ka gani a jikin kwali tana nufin faɗin milimita 22 da tsawon milimita 80, akwai kuma gajeru irin 2230 da 2242. Abin lura shi ne M.2 siffa ce kawai. Akwai M.2 mai aiki da SATA, akwai mai aiki da NVMe, kuma ba kowane gurbi ne ke karɓar duka biyun ba. Kana iya soka shi ya shiga, ka ɗaure noti, amma kwamfutar ta ƙi ganinsa. Saboda haka ka duba lambar samfurin kwamfutarka, ka nemo bayaninta a shafin kamfanin da ya ƙera ta kafin ka saya. Wasu kwamfutocin ma, kamar MacBook na 'yan shekarun nan da ƙananan masu araha masu ɗauke da ƙaramar ma'ajiyar da ake kira eMMC, ma'ajiyarsu a liƙe take da babban allo, ba ta ciruwa. Irin waɗannan abin da ka saya da shi za ka zauna, sai dai ka ƙara na waje.

Batun girma kuma, Windows 11 kaɗai tana neman aƙalla gigabait 64. Mai 128 yanzu ƙunci ne, mai 256 maneji ne, 512 shi ne inda mutum zai fara sakewa, terabait 1 kuma ya wadatar da mafi yawan mutane. Ka bar sarari, domin SSD da ya cika maƙil yakan rage sauri. Idan kuma ka jona mai terabait 1 ka ga Windows ta nuna gigabait 931, ba cutarka aka yi ba. Kamfanoni da dubu suke ƙirgawa, kwamfuta kuma da 1,024.

Akwai masu tsoron SSD saboda sun ji cewa yana da iyakar rubutu. Gaskiya ne, kuma ana rubuta iyakar da haruffan TBW, wato jimillar terabait ɗin da kamfanin ya ba da tabbacin za a iya rubutawa a kansa. Misali Samsung 870 EVO mai terabait 1 yana da TBW 600 da garantin shekara 5. Ko kullum kana rubuta gigabait 50, sai ka haura shekara 30 kafin ka cinye wannan adadi. Abin da ya fi cancanta ka duba shi ne ko TLC ne ko QLC. Waɗannan nau'o'in ƙwayoyin da ke cikin SSD ne: TLC yana cusa ƙwayar bayani uku a kowane ɗan ɗakin ajiya, QLC kuma huɗu. QLC ya fi araha, amma juriyarsa ta fi ƙanƙanta, kuma idan kana kwafe ƙaton fayil za ka ga ya fara da gudu, can sai saurin ya zube, wani lokaci har ya koma kamar na HDD. Don ɗora Windows da aikin yau da kullum, TLC na fi so.

To ke nan HDD ya gama yayi? Ko kaɗan. A fagen ajiya har yanzu shi ke riƙe da kambu, domin kuɗin da zai sayi SSD madaidaici zai sayi HDD da ya ninka shi girma, kuma ana samun mai terabait 20 da ɗoriya. Mai ɗaukar hoto ko bidiyo da ke tara aikin shekaru, HDD ne abokin tafiyarsa. Yana da wata fa'ida kuma: SSD da aka jefa a durowa tsawon lokaci ba a jona shi da wuta ba, cajin da ke riƙe bayanansa yana iya tsiyayewa a hankali, musamman idan ya sha aiki ko yana wuri mai zafi. HDD da maganaɗisu yake ajiya, don haka ya fi dacewa da abin da za a adana a rufe. Kamfanoni uku ne suka rage suna ƙera shi: Seagate, Western Digital da Toshiba. Ka lura da haruffan CMR da SMR. SMR yana jera layukan bayanai wani a kan gefen wani don ya ɗauki da yawa, abin da ke sa shi nauyin jiki idan ana yawan gogewa da sake rubutawa. Don ajiyar da ba a cika taɓawa ba babu laifi, amma don aiki mai nauyi ka nemi CMR, wanda layukansa ba sa hawa kan juna.

Idan na waje za ka saya, mai inci 2.5 daga kebul ɗin USB yake shan wutarsa, mai inci 3.5 kuwa sai an jona shi da soket, don haka na zaman tebur ne. Mai yawan tafiya da jaka a kafaɗa, SSD na waje ya fi masa kwanciyar hankali. Ka kuma duba ramin da za ka soka shi: USB 2.0 ba ya wuce kimanin megabait 40 a daƙiƙa komai tsadar abin da ka jona, USB 3.0 kuma galibi cikinsa shuɗi ne. Idan za ka riƙa amfani da shi tsakanin Windows da Mac, ka yi masa fomat da tsarin fayil na exFAT, domin tsohon tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4. Filash kuwa na ɗaukar saƙo ne daga nan zuwa can, ba wurin ajiyar abin da kake ji da shi ba.

Sai batun jabu da na hannu, kuma a nan araha ba ta ado. Akwai filash da SSD na bogi da aka yi wa dabara su nuna terabait 2, alhali abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Za ka yi ta zuba fayiloli suna shiga, sunayensu suna nan, ranar da ka zo buɗewa ka tarar duk sun lalace. Manhajar H2testw kyauta ce, takan cika ma'ajiyar da bayanai ta sake karanta su, ta faɗa maka girmanta na gaskiya. Na hannu kuma ka buɗe shi da CrystalDiskInfo, za ta nuna maka awa nawa ya yi yana aiki da ko wasu sassansa sun fara mutuwa. Idan ka ga alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa, ka ajiye shi komai sauƙin kuɗinsa.

Da ni ne ke da kuɗin da zai sayi SSD ɗaya babba mai tsada, da raba shi biyu zan yi: SSD madaidaici a cikin kwamfuta, HDD na waje don kwafi. Dalili shi ne HDD sau da yawa yakan yi gargaɗi da ƙara ko jinkiri, SSD kuwa yana iya ɗaukewa farat ɗaya, kuma abin da aka goge a cikinsa da wuya ya dawo, saboda tsarin TRIM yana share gurbin ba da jimawa ba. Masana harkar suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Wannan na ukun yana iya zama a intanet. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, wanda ya isa takardu masu muhimmanci da zaɓaɓɓun hotuna.

Ranar da ka sa sabon SSD, kada ka yi gaggawar goge tsohon HDD ɗin. Ka saya masa ɗan gida mai kebul ɗin USB, ka bar shi da duk abin da ke cikinsa na wasu makonni, har sai ka buɗe fayilolinka a kan sabon ka tabbatar kowanne yana nan lafiya.