Gargaɗi Ga Masu Son Yin Odar Mota Daga Waje: Ku Kiyayi Mai Cewa "Komai Na Ciki"

Jama'a, da ɓacin rai nake wannan rubutu. Ƙanena ya yi asarar kuɗin da ya ɗauki shekaru yana tarawa, a hannun wani mutum da ya yi masa alkawarin kawo masa motar hannu daga ƙasar waje. Ba zan kama sunan mutumin ba, don mun gano sunan ma na aro ne, lambar wayarsa ta daina shiga, shafinsa kuma ya ɓace. Abin da zai amfane ku shi ne ku san yadda ya bi har ya raba yaron da kuɗinsa, domin ba shi kaɗai ke wannan sana'a ba.

A Facebook ƙanena ya ga tallar. Mota ce mai kyau, hotuna kusan ashirin, har da bidiyon injin yana aiki. Da ya yi magana, sai aka ce su koma WhatsApp. Farashin da aka faɗa masa bai wuce rabin abin da irin motar ke kaiwa a kasuwa ba, kuma mutumin ya rubuta masa cewa komai na ciki: kuɗin mota, kuɗin jirgin ruwa, inshora, kuɗin fito, har a ajiye masa ita a ƙofar gida. Kafin alƙalami kawai ake nema, kashi ɗaya cikin uku, sauran sai mota ta iso. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya kwantar masa da hankali. Ya ce mini, "Yaya, ai in macuci ne da duka zai nema." Ni ma a lokacin ban ga laifin wannan lissafi ba, kuma har yau abin yana damuna.

Bayan ya tura kafin alƙalamin, sai aka aiko masa da takardar lodin kaya mai tambarin wani babban kamfanin jiragen ruwa, da sunan ƙanena rangaɗau a jiki. Mako biyu shiru. Sai saƙo ya zo cewa jirgi ya yada zango a wata tasha, hukumar wurin ta riƙe motar saboda inshorar ba ta cika ba, a biya yau ko a sauke ta. Ya biya. Sai kuɗin feshin maganin ƙwari. Sai kuɗin wata takardar shaidar cewa ba kuɗin haram aka sayi motar da su ba, wai za a mayar masa da su idan mota ta iso. Daga nan aka haɗa shi da wani da ya ce shi jami'in kwastam ne, yana kiran ƙanena da "ranka ya daɗe" yana lallaɓa shi, amma kowane kira yana ƙarewa ne da wa'adin awa 24. Sau biyar yana tura kuɗi, kowane karo asusu daban, kuma duk na mutane ne, babu na kamfani ko ɗaya. Da muka tara lissafi, abin da ya biya ya wuce cikakken farashin da aka fara faɗa masa. Babu mota. Tun farko ma babu ita. Hotunan daga shafin gwanjon motoci aka kwaso su.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa yaro mai hankali irinsa ya ci gaba da biya. Dalili biyu na gani. Na farko, duk wanda ya riga ya zuba kuɗi yana ganin in ya tsaya yanzu ya yi asarar na baya, sai ya ƙara don ya ceto su, macucin kuma ya san da haka, shi ya sa kowane sabon kuɗi yake zuwa bai kai na baya yawa ba. Na biyu, wanda shi ne ya sa na zauna rubutu, ƙanena bai san ainihin kuɗaɗen da ke cikin shigo da mota ba. Shigo da mota da gaske yana da kashe-kashe masu yawa, wasu ma suna faɗo wa mutum ba zato. Wanda bai san jerinsu ba, ba zai iya bambance na gaskiya da na ƙirƙira ba. A cikin wannan duhu ɗan damfara yake fakewa.

To bari in bi da ku hanyar da mota take bi. Farashin da kuka gani a shafin gwanjo kamar Copart ko IAA na Amurka, ko USS na Japan, somin-taɓi ne. A kansa akwai la'adar gidan gwanjo da ake ɗora wa mai saye, da ladan dillalin da ya yi tayi a madadinku, tunda da yawa daga cikin waɗannan gwanjon ba kowa ake bari ya shiga kai tsaye ba. Idan aka jinkirta ɗauke motar daga filinsu, kuɗin ajiya ya fara hawa kullum. Sannan a ɗauko ta a babbar mota zuwa tashar jirgin ruwa, kuma a ƙasa mai faɗi irin Amurka wannan tafiya kaɗai tana iya cin kuɗi sosai, ballantana idan motar ba ta tashi, sai an ja ta.

A teku hanya biyu ce. Ko a tuƙa motar a shigar da ita cikin jirgin dakon motoci, wanda ake kira roro, ko a saka ta a kwantena mai ƙafa 20 ko 40. Roro ya fi sauƙin kuɗi a mafi yawan lokuta, amma galibi ba a yarda a cusa kaya a cikin motar. Saboda haka duk wanda ya ce zai cika muku but da kayan gyara kyauta a jirgin roro, ku tsaya ku ƙara tambaya. Inshorar teku kuma tun kafin jirgi ya tashi ake yankarta, kuma tana da takardarta. Ba abin rainawa ba ce: a watan Fabrairun 2022 jirgin Felicity Ace ya kama da wuta kusa da tsibiran Azores a tekun Atlantika, ya nutse ranar 1 ga Maris da motoci kusan 4,000 a cikinsa. Amma inshorar da za a ce a cike ta a tsakiyar tafiya, ta hanyar tura kuɗi asusun wani mutum, wannan ƙarya ce tsagwaronta.

Akwai kalmomi biyu da ya kamata ku nema a rubuce a jikin takardar ciniki: FOB da CIF. Suna cikin ƙa'idojin cinikin ƙasa da ƙasa da ake kira Incoterms, waɗanda aka fara fitarwa a 1936, aka kuma sabunta su a 2020. FOB na nufin mai sayarwa ya sauke nauyinsa da zarar ya ɗora mota a jirgi, kuɗin dako naku ne. CIF na nufin ya biya dako da inshora har zuwa tashar da za a sauke ta. Ku lura da kyau, ko CIF bai haɗa da kuɗin fito ba. Harajin shigo da kaya, da harajin VAT inda ake karɓarsa, da kuɗin sauke kaya a tasha, da ladan ejan ɗin da zai yi muku fito, da rajista da lamba, duk suna jiran ku a gaba. A ƙasashe da dama harajin motar hannu babban kaso ne na darajarta, kuma sau da yawa kwastam suna da nasu jadawalin ƙima, ba dole su amince da abin da rasit ɗinku ya nuna ba. Da ƙanena ya san wannan, da lissafi kaɗai ya isa ya tona asirin mutumin, domin farashin nan na "komai na ciki" ba zai biya dako da haraji ba ma, balle a yi maganar kuɗin mota. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Kuɗin da macuta suka fi son tsoratar da mutane da shi shi ne na jinkiri, wanda masu harkar tasha ke kira dimarej. Yana nan da gaske. Idan kaya suka iso aka ƙetare kwanakin da aka bayar kyauta ba a fitar da su ba, kuɗi yana hawa kullum. Sai dai kamfanin jirgin ko hukumar tashar ne ke rubuta shi a takardar biya mai lamba, kuma za ku iya kiran ofishinsu ku tabbatar. Haka kowane kuɗi na gaskiya yake a wannan harka: yana da suna, yana da wanda doka ta ba damar karɓa, yana da rasit, kuma ana iya sanin kimarsa tun kafin a sayi mota. Harajin kwastam asusun gwamnati yake shiga. Jami'in da zai ba ku lambar asusunsa ta WhatsApp, ko ba jami'i ba ne, ko yana jawo ku cikin laifi.

Kan maganar laifi, akwai wani tayi da ake yi wa mutane kamar alheri: "Zan rage farashin a takarda don harajinka ya yi sauƙi." Kada ku karɓa. Sunanku ne a takardar a matsayin mai kaya, don haka idan aka gano, motarku za a riƙe, ku za a ci tara, shi kuwa yana can wata ƙasa.

Ba duka macutan ne ke sayar da iska ba. Wasu suna aiko da mota, amma ba irin wadda aka biya ba. Bayan guguwar Harvey ta 2017, dubban ɗaruruwan motoci ruwa ya shanye a yankin Houston na jihar Texas. Irin waɗannan motoci kamfanonin inshora kan sallama su a gwanjo da shaidar cewa sun lalace, sai wasu su saya, su wanke, su busar, su tura ƙasashen da ba a cika bincike ba. A ido sumul, amma wayoyin lantarki da kwamfutar motar suna ruɓewa a hankali, bayan 'yan watanni ta zama ta gidan bakanike. Akwai masu mayar da agogon kilomita baya. Akwai kuma masu turo motar da dokar ƙasarku ba ta yarda da shigowarta ba. Motocin cikin gida na Japan da Ingila sitiyarinsu a dama yake, wasu ƙasashe kuma ba sa yi wa irinsu rajista. Wasu suna da iyakar shekaru. Kenya, alal misali, ba ta karɓar motar da ta haura shekara 8. Idan aka ƙi motar a tasha, asarar a wuyan mai saye take.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne binciken da zai kuɓutar da ƙanena bai fi aikin yini ɗaya ba. Lambar jikin mota, wato VIN, tun 1981 take da harafi da lamba 17 a motocin kasuwar Amurka, kuma babu harafin I ko O ko Q a cikinta. Idan aka saka ta a shafukan binciken mota irin su Carfax ko AutoCheck ana ganin tarihin hatsari da na ruwa da na kilomita, sau da yawa ma idan kuka neme ta a Google kawai hotunan gwanjonta na baya suna fitowa. Motocin cikin gida na Japan kuwa lambar shasi suke da ita, da takardar gwanjo mai nuna matsayin mota, inda harafin R ke nuna an gyara ta bayan hatsari, da kuma takardar izinin fitarwa mai ɗauke da kilomitan da aka rubuta lokacin binciken hukuma. Mai sayarwa na gaskiya ba ya jin nauyin ba da waɗannan. A Amurka ma doka ta ce sai an gabatar wa kwastam takardar mallakar mota ta asali aƙalla awa 72 kafin a fitar da ita, saboda haka wanda ya ce mota tana kan teku alhali ya kasa nuna muku hoton wannan takarda, maganarsa ba ta tsaya ba.

Takardar lodin da aka aiko wa ƙanena, da muka shigar da lambarta a shafin kamfanin jirgin na ainihi, babu ita. Shi a mahaɗin da macucin ya turo masa yake dubawa, wani shafi na jabu da ke nuna ɗan jirgi yana tafiya a taswira. Ku rubuta adireshin shafin intanet na kamfanin da hannunku. Lambar kwantena harafi 4 ce da lamba 7, kuma ana bibiyarta kyauta. Ku nemi a kira ku ta bidiyo a gaban motar, a nuna muku lambar da ke ƙasan gilashin gaba, a tayar da injin kuna kallo. Ku dubi sunan da ke kan asusun banki, ya yi daidai da sunan kamfanin da ke kan takardar ciniki, kuma a ƙasar da kamfanin ya ce yake. Idan ana tsakiyar ciniki aka turo imel cewa an sauya asusu, ku dakata, ku kira su ta lambar da kuka samo da kanku, domin akan kutsa cikin imel ɗin kamfanonin gaskiya a karkatar da kuɗin abokan cinikinsu. Wanda ya nemi a biya shi da katin kyauta ko kuɗin kirifto ko Western Union, ya zaɓi hanyar ne don kuɗi ba sa dawowa ta nan cikin sauƙi.

Idan kun riga kun faɗa, kada kunya ta hana ku magana. Ƙanena ya ɓoye mana har kusan wata biyu, kuma wannan jinkiri ne ya sa banki ya ce kuɗin sun daɗe da barin asusun da aka tura. Ku sanar da bankinku a ranar da kuka fara zargi, ku kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar da ke yaƙi da zamba a ƙasarku, ku adana duk saƙonni da rasit, kada ku goge komai. Kuma ku shirya wa kira na gaba. Kwanaki kaɗan bayan mutumin ya ɓace, wata mata ta kira ƙanena ta ce ita lauya ce mai ƙwato wa mutane kuɗinsu, ta san adadin da ya tura daidai, tana neman kuɗin buɗe fayil kawai. Su ne dai suka sake shiri. Allah Ya taimake mu a wannan karon ya zo ya tambaye ni kafin ya tura.

A makon jiya na sake cin karo da hotunan motar nan a Facebook, da sabon sunan kamfani da sabuwar lambar waya, an rubuta "komai na ciki" a ƙasa kamar wancan karon. Na kai rahoton shafin, amma a lokacin mutane da yawa sun riga sun rubuta suna tambayar yadda za su biya kafin alƙalami. Don Allah duk wanda ya san wani nasa yana shirin yin odar mota, ya tura masa wannan kafin ya je banki.